Hawa na Bakwai

Ni ne wanda ya zauna.
A hawa na bakwai na kamfanin inshora, a Porto,
inda taga ke leƙen kogin Douro,
tebur goma sha ɗaya, mu huɗu muka rage.
Kullum sai na ƙirga,
kamar mai taɓa gurbin haƙori da harshe.

Graciete ce ta fara tafiya.
Shekara goma sha tara tana lissafin karon motoci,
wa ya daki wa, wa zai biya.
Da aka kulle gari, muka mai da ɗakin girki ofis,
nakan ji ƙwanƙwasa a bayan muryarta
in muna taro ta kwamfuta.
Ashe kujerar mahaifinta take ɗinkewa,
mai saƙar gora da ta ɓule a tsakiya.
Annoba ta ɗauke shi cikin Janairu,
ba a bari ta ga fuskarsa ba.
Kujerar aka bar mata.

Yanzu tana da shago a wani lungu mai gangara,
bai fi ɗakin ajiye fayil ɗinmu ba.
Yatsunta sun yi kanta.
Kuɗin shigarta ya ragu da rabi,
da bakinta ta faɗa min, ƙusa a gefen leɓe, tana dariya.

Telmo ya bi sahu.
Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido yake tuƙawa,
in ya zo wucewa yakan danna oda sau biyu,
ban sani ba ko gaisuwa ce ko tsokana.
Noémia ta koma tsaunukan uwarta da amya ashirin,
sanyin farko ya kashe mata rabin ƙudan zuman.
Ta rubuto ta ce ta yi kuka kwana uku,
a ƙasa ta ƙara: ba zan dawo ba.

Albano kuwa gidan burodi ya buɗe,
wata takwas ya rufe.
Ya hawo bene da tsohuwar kwat ɗinsa yana neman teburinsa,
aka ce masa an yi gwanjonsa tun bara.
Na raka shi har ƙofa, ba wanda ya kalli wani.

Ni ma ina da takarda.
Tana cikin durowa ta ƙasa,
ƙarƙashin ragowar takunkumin da ba mu ƙarar ba.
Layi uku ce kacal.
Sau huɗu na canja mata kwanan wata.
Matata ta ce ba a sakin reshe a kama ganye,
ga bashin gida, ga tabarau ɗin ƙaramarmu.
Gaskiyarta.
Na ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi,
ta ce to ka tambayi Albano.
Na yi shiru, na wanke kwanuka.

Ranar Asabar ana yayyafi
na saɓa kujerar cin abincinmu mai gurguwar ƙafa,
na gangara wurin Graciete.
Ba ta tambaye ni labarin ofis ba.
Ta juya kujerar, ta ƙwanƙwasa, ta saurara,
kamar likita da ƙirjin yaro.
Ta ce, riƙe nan.
Na riƙe.
Gam yana tsatso tsakanin katako da katako,
ta ce kada ka saki sai na ce.
Ƙararrawar coci ta buga, ta sake bugawa,
hannuna ya sage, ban duba agogo ba.

Litinin ƙarfe tara saura
na rataye rigar ruwa, na kunna fitila.
Gam ya bushe a gefen babban yatsana,
ban kankare ba.
Can ƙasa, oda sau biyu.
Na buɗe durowa ta ƙasa,
na ɗauki biro, na gyara kwanan wata.