Ƙaramin Naɗi

Shekara arba'in da ɗaya ina naɗa jan ƙarfe
a bayan tashar jiragen ruwa ta Gijón,
inda gishirin teku ke cin ƙyauren shago
ruwan sama kuma ba ya sallama.

Abin da na sani bai da yawa.
In ka ƙirga zagaye ɗari biyu da goma,
ka ɗaure, ka tsoma a fenti, ka gasa,
taransifoma ta ɗauki halinta ke nan har ta mutu.
Hali zanen dutse.
Haka aka koya mini, haka na koyar.

Sai ga Covadonga ran Talata, lemarta na ɗiga,
injiniya daga jami'a, sa'ar jikata.
Ta shimfiɗa takarda, ta danne da kofin gahawata.
Baƙin ƙarfe mai ƙafa uku, mai saurin fashewa kamar tangaran,
babban naɗi a ƙafar tsakiya, wannan na gane shi.
Amma ga wasu sirara biyu a ƙafafun gefe,
waya kamar gashin jariri,
ɗaya ya bi dama, ɗaya ya bi hagu.

Na ce a raina, yarinya ta yi tuntuɓen alƙalami.
Ban tambaya ba.
Na gyara mata, wai.
Na naɗa su duka yadda hannuna ya saba.

Daren gwaji aka kunna.
Koren layi ya zabura a fuskar na'ura,
wani abu ya ce ƙyas,
sai warin ƙuna, sai shiru.
Ta duƙufa kan lissafinta shafi bayan shafi
tana neman laifin da ke cikin aljihuna.
Minti ashirin na bar ta tana nema.
Har yau ina ƙirga su.

Na ce, ni ne.
Eladio ne, ba lissafi ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera.
Ta ce, sun juya wa juna baya ne da gangan,
don in babbar wuta ta yi tsawa a tsakiya
amon da ya faɗa wa wannan, wancan ya shanye shi.
Sai sun sami shiru suke iya magana.
Maganar tasu kuwa 'yar wuta ce mai tafiya sannu,
wadda ba ta isa ta kunna tocila ba.
Tana ɗura wa ƙarfen maganaɗisu
kamar mai cika tulu da ludayi,
in ya ƙoshi sai ya sassauta riƙo,
babbar wuta ta wuce.
Ka rage masa, ya sake damƙewa.

Na ce, wato ƙarami ke riƙe da linzamin babba?
Ta ce, ba riƙewa yake ba, lallashi yake.

Kwana biyu na yi ina warwarewa.
Tabarau a karan hanci, yatsu na gardama,
dama tamanin, hagu tamanin,
hagun nan ta ba ni wuya
kamar mai koyon sa hannu a tsufa.

Ran Juma'a ta ɗora fitila bisa tebur,
irin wadda za a kafa a bakin gaɓa,
ta tura mini maɓalli, ta ce, juya.
Na juya kaɗan, haske ya tashi.
Na komar, ya kwanta bai mutu ba,
ba ƙara, ba hayaƙi, ba abin da ya motsa a ciki.
Na taɓa ƙarfen, ɗumi kawai,
kamar goshin yaron da zazzaɓi ya saki.

Wanda ya ƙone ɗin ban yar ba.
Yana kan kanta kusa da rediyo.
Sabon yaron shago, Xurde, ya tambaye ni jiya
me ya same shi.
Na ce, ɗauko kujera.