Yatsa a Kunne

Ba ɗa na je nema ba.
Ta'aziyya ta kai ni Mirriya ran wata Laraba,
a komowa mota ta mutu mana
daidai wani ƙauye da ban san sunansa ba.
Direba ya shige ƙarƙashi yana zagin ƙarfe,
mu kuma muka raɓa gindin aduwa.

Can na hango yaro tsakiyar kwalta
yana jera tsakuwa.
Babbar mota na tafe tana kururuwa,
ko waiwaye bai yi ba.
Ban san sadda na tashi ba.
Takalmina guda har yau yana can.

Kakarsa ta fito tana laluben danga.
Ta ce uwar ta rasu da bazara,
uban ya haura arewa, shekara uku ba labari.
Sanƙarau ne ya tafi da kunnen.
Sunansa Barmu, in ji ta, amma kada ka wahalar da bakinka.
Shi kuwa ya damƙe gefen rigata
ya ƙi saki.

Ni ladan ne.
Shekara ashirin da ɗaya ina tada Zango da asuba,
da murya aka san ni a Damagaram,
sai ga shi an miƙo mini
wanda ba zai taɓa jin ta ba.
Na ce, ya Rabbi, wannan wane irin saƙo ne?

Habsu ba ta ce uffan ba.
Ta dubi kaushin ƙafarsa,
ta juye jarkar da muka saya wajen ɗan garuwa,
ta ƙarshe,
ta ɗora a wuta.
Maƙwabta suka ce mun jajibo wa kanmu kaya:
ku da ƴaƴa huɗu, tuwon ma ya ishe su?

Muka koma makaranta da furfurarmu,
shi ne malam.
Ruwa, a kai tafi baki.
Gobe, a tura hannu gaba.
Habsu, a taɓa gefen hanci.
Ni kuwa sunana yatsa a kunne.
Da fari na ɗauka ba'a ce.

Wata la'asar ya biyo ni masallaci,
ya taka bulo,
ya ɗora tafinsa a maƙogwarona ina tsakiyar kira.
Na kusa sarƙewa.
Idonsa ya buɗe kamar an kunna fitila.
Duk Zango daga waje suke jin kiran salla,
shi kaɗai ya ji shi daga inda yake fitowa.

Bara murya ta soma dishewa.
Na sha zuma, na tauna citta da kanumfari.
Likita a babban asibiti ya leƙa, ya daɗe bai yi magana ba,
sannan ya ce sai an yanka.

Na farka, ɗaki cike da ƴan dubiya,
ƙishi na cin raina.
Na buɗe baki, iska.
Wani ya gyara mini matashi, wani ya soma salati.
Hannuna ne ya tuna, ba ni ba,
ya tashi da kansa zuwa baki.
Daga bakin ƙofa Barmu ya ratso manya
da moda a hannu.

Ashe shekara tara
ana koya wa gidana harshen da zan koma.
Na tuna direban nan yana zagin ƙarfe.
Allah Ya yafe masa, bai san aiken wa yake yi ba.

Yanzu wani saurayi ke kira, da lasifika.
Muryarsa ba laifi, sai dai yana gaggawa.
Mu biyu mukan bi lungu da duhun asuba,
tsakanin duwatsu, ba mai cewa komai.
Wani lokaci a ƙofar masallaci
yakan tsaida ni,
ya ɗora tafinsa bisa tabon,
in motsa leɓe tun daga kabbara har ƙarshe.
Ya jira sai na gama,
sannan ya cire takalmi.