Gishirin Shayin Baba

A nan Arhangai, inda sanyi ke cizon kunne,
da madara muke dafa shayi, da gishiri.
Haka kakata ta dafa, haka uwata,
haka na tarar da tukunya a kan murhu
a tsakiyar tantinmu na gashin tumaki.

Ran Talata likita Sarantuya ta zo a kan babur,
hancinta ja wur, jaka a goye.
Ta ɗaura wa Baba awo a damtse,
ta matsa, ta saurara, ta sake matsawa.
Ɗari da saba'in, ta ce, bisa ɗari.
Baba Lhagwa ya yi dariya har kafaɗa na rawa:
"Ni da na kayar da maraƙi jiya da hannu ɗaya?
Ba ciwon kai, ba jiri.
Ina cutar take?"

Ta ce, "Hawan jini ba ya sallama, Baba.
Kyarkeci ne, ba ya kuka kafin ya faɗa garke.
Ƙwaya ɗaya kowace safiya,
ko ka tashi garau, ko ka tashi da nauyi.
A rage gishiri. A rage kitsen wutsiyar rago.
Taba kuwa..."
Ta dubi lofensa, ba ta ƙarasa ba.

Ta ja ni waje, can wajen turken dawaki:
"Oyuna, kada ki cire shi rana ɗaya.
Harshe jariri ne, a hankali ake yaye shi."

Sai na zama ɓarauniya a ɗakinmu.
Cokali ya koma rabi,
rabi ya koma abin da yatsa uku suka ɗauka.
Baba ya kurɓa, ya dube ni ta saman kwano:
"Madarar bana ta yi lami."
Na ce ciyawa ce, ruwa bai wadata ba.
Ya ce, "To."

Kwana arba'in yana haɗiyar ƙwaya.
Ran nan ina shara na tsinci kwalbar
a cikin tsohon takalminsa na hawa.
"Na warke," in ji shi. "Mai lafiya ba ya shan magani."
Na yi magana har bakina ya bushe.
Iska ta fi ni samun mai saurare.

A makon ne Dashinyam, abokin kokawarsa,
ya faɗi a bakin rafi da guga a hannu.
Muka je duba shi asibitin Tsetserleg.
Baki ya karkace, hannun dama kwance kamar na aro.
Ya so ya kira sunan Baba,
sunan ya maƙale a hanya.
Shi ma, in ji matarsa, ya ce ya warke.

Har muka iso gida Baba bai ce uffan ba.
Da asuba, ina hura wutar kashin shanu,
na ji motsi a bayana.
Tafin hannunsa ne a buɗe.
Na sa masa ƙwayar.

Da ƙanƙara ta narke, babur ya dawo.
Ɗari da talatin da takwas, ta ce, tana murmushi.
Sannan ta juyo: "Ke ma kawo hannun."
Ni? Shekarata arba'in da ɗaya kacal!
Ta matsa, ta yi shiru irin wancan shirun.
"Awo ɗaya ba hukunci ba ne.
Zan dawo mako mai zuwa, mu sake."

Ta dawo. Ta sake. Bai sauka ba.

Daren nan Baba ya ɗauki gwangwanin gishiri,
ya ɗora shi can bayan sirdi, inda hannuna ba ya kai.
Ya ce, "Tun kurɓar farko na gane ki.
Wai ciyawa!"

Yanzu shi ke riga ni tashi.
Kwano biyu, ƙwaya biyu a kan murfin tukunya,
yana tsaye a kaina har sai na haɗiye.
Shayin kuwa har yau lami ne.
Muna sha, muna ɓata fuska tare.