Gurbin Allon Shago

Ranar Talata takarda ta iso,
Ba ta gidan waya ba, daga kwamfuta ta fito,
Alhaji Mudi ya sa tabarau ya karanto,
Ya cire, ya goge da bakin riga, ya sake dubo,
Sannan ya ce, "Garzali, kashe fankar nan, sanyi ya shigo."

Layi huɗu ne kacal, da godiya a kai,
Wai sun yaba da zaman amana, babu abin kushe sam dai,
Amma daga ɗaya ga wata wakilcin ƙasa ya tashi,
Ya koma Ikko, gun wasu masu bene hawa bakwai.

Shekara ashirin da uku muna titin Beirut.
Duk kyamarar da ta ƙetaro teku da tambarin nan,
Sai ta kwana a shagonmu kafin ta ga fuskar kowa.
Mai ɗaukar fasfo na gindin dalbejiya,
Ɗan jarida, mai hoton makaranta daga Gusau har Yola,
Nan suke zuwa, a ba su kujera da ruwan randa,
Wani ya biya, wani ya ce sai bayan salla,
Alhaji ya rubuta a littafi, wani ma bai rubuta ba.

Ni ne na ɗakin baya,
Mai sukundireba siriri kamar tsinken sakace,
Na san kukan kowace in ta ƙi lafiya,
Na san wadda ta faɗi, ko mai ita ya rantse.

Ga ta Uwani a teburina, mai ɗaukar biki,
Labulen idonta ya maƙale, ya ƙi buɗewa,
Katin garanti na nan, hatiminmu ja a jiki.
Na buga Ikko. Danna ɗaya, danna biyu, sai kiɗa,
Can wata murya ta ce hatimin ba ya cikin na'urarsu,
A aiko ta, a jira mako shida.
Uwani kuwa Asabar take da kamu a Gandun Albasa,
Amarya ba ta jiran mako shida.

Ashe suna ma rigar aro ne,
Mun sa ta har ta ɗauki ƙamshin jikinmu,
Mun yi mata ban ruwa kamar giginya,
Yau ga inuwar can, na nesa ke sha.

Alhamis leburori biyu suka sauke allon.
Inda ya zauna, fentin bango shuɗi ne shar,
Sauran duk rana ta cinye.
Mai shayi ya daina firfita, ya tsaya kallo.

Alhaji ya gyara hula, ya tsaya ƙarƙashin gurbin,
Ya ce, "A ɗauke ni."
Kyamara arba'in da ɗaya a ciki, cikin kwali,
An ƙirga, an liƙe, ba mu da ikon ɓarewa.
Yaron mai shayi ne ya ɗauka da waya mai tsagaggen gilashi,
Yatsansa ya rufe gefe guda.
Da na wanke, rabin hular Alhaji babu,
Amma gurbin ya fito raɗam, ko ƙusa ana gani.

Da dare na buɗe akwatina,
Na ɗauko tsohuwar da ya ba ni ran da na gama koyo,
Na kwance ta, na ciro labulen idonta da hantsaki,
Na dasa wa ta Uwani, hannuna na rawa.
Babu kati, babu hatimi, babu rasit.
Na saita ta ga ƙofar da za mu rufe ƙarshen wata,
Na danna.
Ta ce ƙyas.