Dare Huɗu a Asibitin Apia

Ma'auni ya faɗi abin da ya gani:
kilo ɗari da sha takwas.
Aka rubuta a katina da jan biro,
ni kuwa na tsura wa fanka ido.

A ƙauyenmu can Savai'i, jiki ado ne.
Kakata Talaleu takan matsa damtsena ta ce,
"Wannan kam guguwar teku ba ta ɗaukar ta."
Da gwaza aka yaye ni, da ruwan kwakwa,
kafin jirgi ya koya mana naman gwangwani
da wutsiyar talo-talo mai naso a yatsa.
Ran Lahadi in an taso daga coci
sai lemon kwalba ya zagaya tabarma.
Mun ci, mun yi dariya, mun ƙara.

Sai ga Moemoana.
Da wuƙa aka buɗe mata ƙofa,
aka ɗora min ita tana neman abin da aka yi mata alkawari.

Daren farko, ɗigo biyu na dakashi,
ko cokalin shayi bai rufe ba.

Dare na biyu ta yi kuka har muryarta ta dushe.
Ƙirjina tuluna biyu, kowa ya gani ya ce a cike suke.
Na matsa, na murza, na roƙa.
Matar gadon kusa, siririya kamar sandar tuƙa kwale-kwale,
rigarta sharkaf, har kunya take ji.
Na juya mata baya.

Da safe uwar mijina ta sauko daga jirgin fito,
gwangwanin madara a ƙarƙashin hammata.
Ta dubi ƙirjina, ta dubi jikarta,
ba ta ce komai ba.
Da ma ta zage ni.
Pesamino yana New Zealand yana tsinkar tuffa,
ya bugo waya yana tambaya, "Tana ƙoshi?"
Na ce layin ba kyau.

Dare na uku, ƙarfe uku, Fuatino ta zo,
ungozoma ce, faɗinta ya kai nawa.
Ta zauna, gado ya yi ƙara, muka yi dariya tare.
Ta ce, "Masu jiki irin namu, nono yakan yi mana nawa.
Ga yanka, ga suga da ya hau miki da ciki.
Yana hanya. Sannu ba ta hana zuwa.
Nawa sai da ya kwana biyar."
Ta naɗe tawul ta tokare min ƙasan mama,
ta ce, "Kada ki ɗora ta a kan ɗinki,
saƙalo ta ta gefe, kamar ƙwallon zari-ruga
a hannun ƙannenki."
Ta gyara haɓar yarinyar da ɗan yatsa.
Ta kawo ɗan kofi, muka tatsi abin da ya samu,
muka cika da madarar surukata, kaɗan,
ba wanda ya mutu don kunya.

Dare na huɗu ruwa ya sauka a kan kwanon rufi.
Na farka ƙirjina ya yi tauri, ya yi zafi,
kamar duwatsun da muke gasa gwaza a kai.
Na ɗauko ta ta gefe.
Ta kama.
Sai na ji wani ɗan sauti, ƙut, ƙut,
maƙogwaro ƙarami yana haɗiya.

Ban tashi kowa ba.

Jan biron yana nan a katina.
Likita ya ce in riƙa taka bakin teku da yamma,
in rage kwalba, in dawo a duba jinina.
Zan gwada. Ban yi rantsuwa ba.
Yanzu dai ga ta, ta saki, ta yi barci baki buɗe,
farin ɗigo yana gangarowa zuwa kunnenta,
ni kuma hannuna ya mutu a ƙarƙashinta
na ƙi motsawa.