Ƙiftawar Giwa

A Bombay, ruwan damina na dukan kwano,
Sulochana ta zana giwa sau ashirin da huɗu
don kawai ta ɗaga hanci sau ɗaya.
Fenti ya ƙi bushewa, ta yi masa fifita da jarida.

Kakanta kuwa fata ya yanka,
ya kunna fitila bayan ƙyalle,
inuwa ta yi yaƙi, yaran ƙauye suka ƙi barci.

Yau jikarta Mrinal, a Hyderabad,
maɓalli take dannawa, garke guda ya taso.

Tsohuwa ta gyara tabarau, ta matso:
"Sun iya gudu kam.
Amma ta bayan nan ba ta ƙifta ido ba.
Yaro zai lura. Gyara."