Gurbi Ɗaya

Na sauko daga Ngaundere da igiyar awo a aljihu,
da littafi mai layi biyu: tsawo da maki.
Gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar jami'a,
gado ɗaya, kwano ɗaya, kuɗin karatun shekara uku.

Garwa ta tarbe ni da rana mai narka kwalta.
Filin bayan makaranta, siminti ya dare gida huɗu,
kwandon ba raga, ƙarfe ne kawai yana hamma.

Barau ne ya fara cika mini ido.
Dogo kamar giginya, tafin hannu kamar faifai,
ashirin da bakwai ya zuba kafin la'asar ta yi sanyi,
alƙalamina har rawa yake.
Sai ƙwallo ta kuɓuce wa ƙaramin cikinsu,
Barau ya ja tsaki,
tsakin da ya iske ni har gindin dalbejiya.
Da aka tashi ya tuɓe takalmi ya wurga wa ƙanensa,
ko waiwaye babu.

Sallau kuwa, biyar ya jefa, biyu suka shiga.
Amma da aka banke shi suka zube su biyu,
shi ya fara tashi, shi ya miƙa hannu.
Gorar ruwansa ta bi baki huɗu kafin ta dawo nasa.
Na duba littafina,
ba layin da zan rubuta wannan.

Na tari babur na bi shi har gindin gadar Binuwai.
Ubansa, Malam Ilu, ɗinkin koma yake yi,
ido ya yi hazo, yatsu ne ke gani.
Sallau ya durƙusa da gumin wasa a jikinsa
ya zura masa zare.

Kakarsa, Iya Kande, na juya kifi a kan banda.
Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai ne mai ɗaukar yara? Zauna.
In ya yi kuskure, cikin taro kake zaginsa
ko gefe kake jansa?
In ƙafar ta karye,
gadon nasa ne, ko na ƙafar?"
Na amsa abin da na iya.
Ta watsa gishiri, ta ce, "Kai kana da uwa?"
Na ce tana Marwa.
"Yaushe rabonka da ita?"

Hayaƙi ya shiga idona, ko in ce na bar shi ya shiga.
Wata bakwai.
Ni da na zo awo, ga ni a kan sikeli.

Sallau ya ce, "In na tafi, wa zai zura wa Baba zare?"
Ƙanwarsa Hajo ta ajiye tulu:
"Ni idona ado ne?"
Malam Ilu ya yi dariya har allura ta faɗi.

Nan na rubuta sunan, a kan gwiwata.

Washegari na nemi Barau, na faɗa masa dalili,
ban sa wa maganar zuma ba.
Ya ja rabin tsaki, ya haɗiye sauran.
Sunansa na nan da fensir.
Baɗi zan dawo saboda rabin da ya haɗiye.

Na sani za mu sha kashi bana, sau biyu ko uku,
a wasannin da dogon hannu zai iya cetowa.
Shugabanni za su tambaye ni ina giginyar,
ban shirya amsa ba tukuna.

A tasha, ƙunshin kifin Iya Kande na cinyata,
na mayar da tikitin kudu, na yanki na arewa.
Na danna lambar da na daɗe ban danna ba.
Ta yi ƙara sau shida.
"Wa ke magana?" in ji ta,
alhali ta san muryar.